Ranar da Man-sik ya durƙusa wa likita

Pyo Man-sik, ai duk ƙauyenmu babu wanda bai san shi ba, mai gonar tafarnuwa ta bakin rafi. Gajere ne, ga faɗin ƙirji, in ya yi dariya har karnukan ƙetare sai sun amsa. Yana saurayi aka kwashe su yaƙin Biyetnam. Ya dawo da rediyo wadda duk ƙauye ke taruwa saurare, da kuma guntun ƙarfe a gwiwar hagu wanda bai gaya wa kowa ba. Matarsa Gil-rye kaɗai ta sani, ita ma don ita ke gasa masa ƙafar in hadari ya haɗo.

Haka ya yi ta noma da ita har ya aurar da 'yarsu Mi-ja. Da tsufa ya zo sai gwiwar ta ce ita fa ta gaji. Ana nan aka ce tsofaffin sojojin da yaƙi ya bar wa rauni za a yi musu magani kyauta, da ɗan abin hannu duk wata, amma sai da takardar shaidar likita. Takardar kuwa ba a aiken ɗa ya karɓo. Sai mutum ya hau mota da kansa har birnin Daegu, ya nuna fuskarsa, ya buga hatiminsa, a ba shi guda ɗaya tak ya kai wa likita ya cike.

Man-sik ya je ya karɓo. To, ku ji shirin da ya yi na ganin likita. Ana gobe zai gan shi, ya shiga gidan wanka ya jiƙa ƙafar a ruwan zafi har ta yi laushi, ya biya wajen mai maganin gargajiya na tsira allurai, ya sa Gil-rye ta dafa masa kaza da jinsin, wata saiwa mai ƙara ƙarfi. Da safe ya sa kwat da lambobin yabo a ƙirji. Sandarsa kuma ya ba mai sayar da dankali a tasha ajiya, wai ba a shiga gaban mai ilimi da sanda kamar maroƙi.

Likita ya ce, "Baba, yaya jikin?"

Mutuminku ya ƙame kamar gaban kwamanda. "Lafiya ƙalau, ranka ya daɗe!"

"Kana iya tafiya?"

Ai sai ya buga masa fareti daga bango zuwa bango, hawaye na neman zubowa don zafi, yana haɗiyewa. Likita ya rubuta abin da ya gani. Man-sik ya dawo gida yana washe baki.

"Uwar Mi-ja, likita ya ce na fi samari ƙarfi."

Gil-rye tana tsugune tana cuɗa kabeji da barkono. Ta ɗago ta dube shi. "Madalla. To saurayi, ina sandarka?"

Ya manta ta a tasha.

"Kai dai an aike ka neman magani ka je neman aure. Gobe kai za ka hau rufi ka shanya barkono, tunda ka fi samari."

Amsa ta zo daga hukuma: babu rauni. Man-sik ya yi dariyarsa ya wuce gona. Amma da bikin kaka ya zo, dariyar ta ɗauke. Da safe aka jera wa magabata teburi, sabuwar shinkafa, kifi, 'ya'yan itace, ga hoton marigayi mahaifinsa a tsakiya. Shi ne babban ɗa, shi ke fara zuba giya ya durƙusa sau biyu, goshi har ƙasa. Ya lanƙwasa ƙafar, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ƙanensa ne ya matso ya yi a madadinsa, shi yana tsaye jikin bango kamar baƙo a gidan ubansa. Ranar ko loma bai kai baki ba.

Da lokacin sake nema ya zagayo, shi da kansa ya ce a tafi Daegu. Gil-rye ta ɗaure ƙunshinta ta bi shi. Ta hana wanka, ta hana allurai, ta hana kaza. Takardar ma da aka miƙo, ita ta fizge ta cusa cikin riga.

"Ta bara kai ka riƙe, mun ga abin da ka yi da ita."

A mota ya yi mata alkawari har da rantsuwa zai faɗi gaskiya. Suka shiga asibiti, wani likitan ne daban, yaro, bai fi sa'ar Mi-ja ba, ga tabarau. Yana cewa "Baba, ina ke ciwo?" sai ƙirjin Man-sik ya turo kansa gaba, dugadugai suka haɗe.

"Babu ko'ina, ranka ya daɗe!"

Shi kansa ya ji abin ya fito ba da izininsa ba. Ya saci kallon matarsa. Ita ko gezau, sai ma murmushi.

"Haka ne, likita, garau yake. Baban Mi-ja, tunda garau kake, ai sai ka durƙusa ka yi wa likita babbar gaisuwa ta godiya mu kama hanya."

"Ni? Yaron nan?"

"Au, ba za ka iya ba ne?"

Wannan kalma ita ce ba a gaya wa Man-sik. Ya haɗa hannuwa a goshi, ya cije, ya zube ƙasa tim. Likita ya zabura, tsoho mai furfura ya durƙusa masa! Ya yar da alƙalami shi ma ya zube, goshi a ƙasa, yana "Baba, don Allah, Baba!" Ga su nan kai da kai kamar raguna.

Likita ya tashi. Man-sik bai tashi ba.

"Baba, ya isa haka."

Daga ƙasa murya ta fito: "Na sani ya isa."

Gil-rye ta ce, "Likita, kar ka ji tsoro, ba zai yi ta biyun ba. Sau biyu ta matattu ce, kai da sauranka."

Ma'aikaciyar jinya ta toshe baki ta fita da gudu. Man-sik kansa sai da kafaɗunsa suka kama rawa, dariya ta ƙwace masa yana kife, har lambobin ƙirjinsa na kaɗa ƙasa. Likita ya zauna nan dirshan kusa da shi, ya naɗe masa ƙafar wando, ya ga gwiwa kamar kabewa. Ya ce tun yaushe? A zaune a ƙasa, babu ƙamewa, sai bakin Man-sik ya buɗe. Ya ba shi labarin dajin Biyetnam, da ƙarar fashewar, da abokinsa da ya goyo shi, da safiyar da ya tsaya jikin bango. Aka ɗauki hoton ƙashi, ga ƙarfen nan kwance abinsa. Likita ya cike takarda gaba da baya, har ya ƙara wata.

Kafin sanyi ya fita aka yi masa aiki. Ƙarfen ya roƙa aka ba shi a kwalba, kowa ya zo dubiya sai ya girgiza masa ita a kunne.

Bikin kaka ya dawo. Man-sik ya zuba giya, ya durƙusa, ya tashi. Ya sake durƙusawa. Shiru, shiru, bai ɗago ba. Ƙanensa ya miƙo hannu, Mi-ja ta fara share ido.

Gil-rye ta ce, "Tsoho, ka maƙale ne kuma?"

"Ke dakata mana. Labarin likitan nake ba Babana, ban kai wajen da muka haɗa kai kamar raguna ba."

Sai da ya gama tsaf, sannan ya dafa ƙasa ya miƙe da kansa, ya ce a zubo masa shinkafa da yawa.