Safiyar da Baba Ya Jinkirta Amin

Sanyi na fara ji a idon sawuna, sannan wani abu mai nauyi yana jan ciki a kan ƙafata. Muna zaune a tabarma ne a gidanmu na garin Sara, da safiyar damina. Kullum haka Baba yake tara mu, ya karanta Littafi Mai Tsarki, mu biya ayar da muka haddace, sai addu'a. Dokarsa ita ce ba mai buɗe ido sai ya ce Amin.

Sai na ji muryarsa ta sauya.

"Uwata, kar ki motsa, kar ki buɗe ido. Biya mana ayar jiya."

Nan na gane maciji ne. Ayar ta ɓace mini gaba ɗaya. Mama ta riƙa raɗa mini kalma ɗaya-ɗaya ina maimaitawa, hawaye na shiga bakina. Ƙannena na nan ido rufe, ba su san komai ba. Har yau in zan yi addu'a sai na naɗe ƙafafuna.

A hankali nauyin ya sauka.

"Amin," in ji Baba. "Buɗe ido, Uwata. Ya wuce, bai sare ki ba."