Baba Safiyo, Shekara Huɗu Kana Tare Mana Ruwa

Allah da Ya ba mu aron Baba Safiyo Ya karɓi abinSa ranar Laraba, tara ga watan Afrilu, da hantsi, bayan jinyar kwana shida a asibiti. Dukanmu naSa ne, kuma can muka dosa. Labarin ya same ni a ofis, ina tsakiyar buga jerin batutuwan da kwamitin filaye da ayyuka na ƙaramar hukumarmu zai tattauna a zaman ƙarshen wata. Babbar 'yarsa, malamar asibiti, ita ce ta kira ni. Ba ta ja magana ba, ta ce, "Kawu, Baba ya cika." Na ajiye wayar na dubi takardar da ke gabana, sai ga sunansa a layin ƙarshe, inda ni da hannuna na saba sa shi.

Baba, shekarata goma sha ɗaya ina sakataren wannan kwamiti, amma sanin da na yi maka ya girmi haka nesa. Ranar da na kama aiki a matsayin ƙaramin akawu ba a samo mini tebur ba, sai ka janye taswirorinka gefe ka ba ni rabin naka. Shekara talatin da biyu ka yi kana auna wa ƙaramar hukuma filaye, har sunanka na yanka ya ɓace, yara da manya Baba Safiyo suka sani. Ba ka taɓa jan layi a taswira ba sai ka taka wurin da ƙafarka. Masu shara sun sha ƙorafin taɓon da takalminka yake kawo musu, kai kuwa sai ka ba su haƙuri, washegari ka dawo da wanda ya fi shi.

Ban manta da katangar gidana ba. Na yi ta ɗoki, magini ya kai ta har kafaɗa, sai ka zo taya ni murna. Ka sha ruwa, ka yaba ginin, sannan ka zaro tef daga aljihu kamar mai neman hankici. Da ka gama sai ka ce, "Ɗan'uwa, ka ci taƙi ɗaya a filin baiwar Allahn nan ta kusa da kai." Na ce ai ita ba ta ma sani ba, mijinta ya rasu, takardun ma ba ta san inda suke ba. Ka ce to shi ya sa ka faɗa mini ni, ba ita ba. Kwana uku na yi ba na gaishe ka. A rana ta huɗu ka zo da kayan aikinka, ni da kai da magini muka sauke katangar bulo bulo don kada ko ɗaya ya fashe. Ba ka taɓa ba kowa wannan labari ba, yau ni nake bayarwa.

Haka ka zauna da unguwarmu bayan ka yi ritaya. Duk maƙwabtan da suka yi cacar baki kan iyaka, kai ake kira. Ba ka karɓar ko sisi, kuma da wuya ka bar wurin ba ka sa su dariya ba.

Sai maganar kwarin bayan unguwa ta taso. Ga wanda bai san wurin ba, fili ne mai gangara, babu komai a cikinsa sai ciyawa da 'yan bishiyoyi. Da rani awaki ke kiwo a ciki. Da damina kuwa, duk ruwan da ya sauko daga titin kasuwa da na asibiti can yake taruwa, ya kwana biyu ko uku ƙasa ta shanye shi. Gidaje arba'in da ɗaya ke bakin kwarin, kuma na mahaifiyata yana cikinsu. A tsohuwar taswira, wadda kai ka zana, an rubuta cewa wurin mazaunin ruwa ne, ba a gini. Shekara huɗu da suka wuce kwamitinmu ya ga dama ya mai da shi wurin kasuwanci, a cike shi da ƙasa a jera shaguna. Tun kafin a zauna a kan batun ma an riga an san ɗan kwangilar da zai yi aikin.

Doka ta ce a liƙa sanarwa kwana talatin, duk mai ƙorafi ya kawo. An liƙa kuwa, amma a allon da ke bayan ƙofar sashen haraji, wadda kullum a buɗe take, ta rufe allon ruf. Mutum ɗaya ne a garin nan yake da ɗabi'ar janye ƙofa ya karanta abin da ke bayanta. A rana ta ashirin da takwas ka shigo ofishina da takarda shafi biyu, rubutun hannu, layi a miƙe tsaf. Na buga mata hatimi na ba ka lamba.

Wannan takardar ce ta tsaya wa kwamiti a wuya. Ƙa'ida ta ce muddin akwai ƙorafi a rubuce, kuma mai shi yana amsa kira a kowane zama, ba za a sauya amfanin fili ba sai an tura injiniyoyi sun auna hanyar ruwa, an karanta rahotonsu a gaban jama'a. Kowa a ɗakin nan ya san abin da rahoton zai ce, saboda haka ba a taɓa tura kowa ba. Dabarar da aka samo ita ce ta jira. Shugaban kwamiti ya umarce ni in riƙa sa batunka a ƙarshe. Sai a ci lokaci a kan kwangilar kwalbati da fentin ajujuwa da sayen tayoyin motar shara, a kira sunanka ka amsa, sannan wani kansila ya dubi agogo. Ni kuma in rubuta kalmomin da hannuna ya haddace: an ɗage zuwa zama na gaba. Sau arba'in da shida na rubuta su, kuma ba ka fasa zuwa ko sau ɗaya ba, domin ka san ranar da aka kira ba ka amsa ba, ƙorafin ya faɗi.

A shekara ta biyu aka mai da zaman daga zauren ƙasa zuwa ɗakin taro na hawa na uku, wai ya fi iska. Ka gaya mini matakala sittin da biyu ne, kuma biyu daga ciki sun fi sauran tsawo, ka ce in gaya wa wanda ya yi kwangilar benen ka gaishe shi. Da farko kana hawa kai tsaye. Daga baya kana hutawa sau ɗaya. A bara sai ka huta sau uku, hannu ɗaya a ƙarfen dafawa, ɗaya a ƙirji. Kana isa sai ka zauna a bencin baya, ka buɗe fulas ɗin shayinka, ka zuba wa ɗan sandan ƙofa da duk wanda ya zo bin kadin takardarsa. Har kansilolin da suke jiran ka gaji sun sha shayin nan. In na wuce ta gabanka da fayil sai ka ce, "Sakatare, yau ma ni ne auta?" Sai in yi murmushi in ƙara sauri, domin kunya ba ta barina in tsaya.

Ɗan kwangilar da kansa ya taɓa zuwa gidanka. Mai ɗakinka ce ta ba ni labari. Ya ce in aka gama zai ware shago biyu na bakin titi a sa sunan 'ya'yanka. Ka shimfiɗa masa tabarma, ka sa aka kawo masa ruwa, ka tambaye shi tsawon cikon da zai yi. Da ya faɗa, sai ka ɗauki fensir ka zana masa inda ruwan zai bi, kana kiran gidajen ɗaya ɗaya: nan tela, nan mai gyaran keke, nan tsohuwar da ba ta iya tashi sai an ɗaga ta. Ka ce masa, "Alhaji, ni ba shagonka nake ƙi ba. Ka nuna mini inda ruwan zai kwana, gobe in janye takardata." Ya tashi, ka raka shi har mota.

Yanzu na zo inda alƙalamina yake ta kewaye-kewaye tun ɗazu. A watan Janairu na ga yadda ka iso ɗakin taro, leɓɓanka sun yi fari, sai tsoro ya kama ni. Bayan an tashi na bi ka har gindin bene na raɗa maka abin da ba a so ka sani: akwai sakin layi a ƙa'idar da ya ba mai ƙorafi damar ƙara sunan mutum na biyu, muddin yana raye ya yi hakan. In ya faɗi, na biyun ya ci gaba da amsa kira. Ka dube ni ka ce Allah Ya yi mini albarka. Kwana biyu bayan nan ka kawo takardar, da sa hannunka da na babbar 'yarka. Abin da ya rage kawai in buga hatimi in shigar da ita a rajista.

Ban buga ba. Na san ranar da shugaba ya ga takardar nan zai tambayi wanda ya nuna maka wannan sakin layi, kuma amsar ba ta da nisa. Ana kuma shirin sauye-sauyen ma'aikata a lokacin. Sai na ce maka hatimin yana kulle, gobe zan yi. Na sa ta a aljihun tebur, ƙarƙashin fayil ɗin kwalbatoci, na ce bari ƙura ta lafa. Janairu ya wuce, Fabrairu ya wuce. Sau ɗaya ka tambaye ni, na ce, "An gama, Baba." Ba mantuwa na yi ba. Kullum in na jawo aljihun nan ina ganin gefenta, in mayar in rufe. Na ɗauka kana da sauran lokaci, domin na saba ganinka a bencin nan kamar yadda na saba ganin agogon bango.

Ranar Alhamis, ashirin da huɗu ga wata, kwana goma sha biyar da rasuwarka, kwamiti ya zauna. A karon farko cikin shekara huɗu aka ce in dawo da batunka na ɗaya. 'Yarka ta zo da kayan aikinta na asibiti, ta zauna a inda kake zama. Ƙa'ida ta ce a kira mai ƙorafi sau uku, kuma sakatare ke kira. Na miƙe na kira sunanka, Baba, sau uku, ni da na tsaya a bakin kabarinka. Sai 'yarka ta tashi ta ce ita ce ta biyu a ƙorafin, ga ta. Shugaba ya buɗe rajista ya duba, ya ce bai ga sunanta ba.

Na fito da takardar na ajiye a gabansa. Na faɗa wa kwamiti ranar da ka kawo ta, na ce laifin rashin hatimi nawa ne, na roƙi a karɓe ta. Shugaba bai ɗaga murya ba, har ya yi maka addu'a. Sannan ya ce abin da bai shiga rajista ba bai iso kwamiti ba, kuma mamaci ba ya ƙara suna. Aka ɗaga hannu. Mutum tara suka amince, ɗaya ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa. Ban tsammanin an yi minti biyar ba. Da hannuna na rubuta cewa ƙorafi ya faɗi, an amince da sauya amfanin fili.

Na iske 'yarka a kan bene tana sauka a hankali. Na so ta zage ni, wallahi da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta tsaya ta ce, "Kawu, ka san me ya ce mini a gadon asibiti? Cewa ya yi, 'Kada ki damu da maganar kwari, takarda tana hannun Sakatare. Duk ginin nan shi kaɗai na yarda da shi.'" Ta gyara mayafinta ta ci gaba da sauka. Na zauna a nan kan matakala har masinja ya zo nemana in sa hannu a takardun zama.

Ranar Litinin tifofi suka fara juye ƙasa a kwarin, katafila tana bajewa. Na rubuta wa hukumar da ke samanmu duk abin da ya faru, da sunana da sa hannuna, ban ɓoye komai ba, kuma har yau ba a amsa ba. Mutanen gidajen nan sun fara tara buhunan yashi a ƙofofinsu. Hadari ya soma haɗuwa da yamma.

Ya Allah, ga bawanKa nan ya zo maKa. Mun shaida bai ci taƙin ƙasar kowa ba, bai kuma bari an ci a gabansa ba. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka yafe masa kurakuransa, Ka sanya kowace matakala da ya taka saboda mutane a ma'auninsa na alheri, Ka sada shi da rahamarKa a Aljanna Firdausi. Ka tsare gidajen da ya tsaya dominsu, domin yanzu ba su da mai tsaya musu sai Kai.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinsa, wadda ta dafa shayin nan shekara huɗu, da 'ya'yansa biyar, da jikokinsa, da ƙannensa, da duk mutanen unguwarmu. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya albarkaci bayansa. Ke kuma babbar 'yarsa, ban ce ki yafe mini yau ba. Na rubuta wannan ne don duk wanda ruwa ya shiga ɗakinsa bana ya san cewa Baba Safiyo bai gaza ba, ya yi nasa har ƙarshe, a hannuna abin ya lalace. Allah Ya jiƙanka, Baba. In tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.