Dattijon da Aka Zo Nema

Mahaifina, Ozias Tull, yana da shekara ashirin da biyu aka ɗora masa hannu a cocinmu na garin Nauvoo aka ce ya zama Dattijo. Haka muke yi mu 'yan cocin Mormon, duk wanda aka aika wa'azi Dattijo ne, ko gemu bai fito masa ba. Aka tura shi jihar Tennessee a ƙafa, ba guzuri, duk wanda ya buɗe masa ƙofa shi ne mai masaukinsa.

Matsoraci ne, ba zan yi masa kara ba. Ko kare ya yi haushi sai ya nemi wurin ɓuya.

Wani tsohon manomi, Lemuel Gantt, ya sauke shi. Ba ɗan cocinmu ba ne, tausayi ne kawai. Rana ta huɗu da hantsi suna cin gurasar masara, sai ga mahaya bakwai a ƙofa, da tukunyar kwalta tana tururi da buhun gashin kaji, kayan da ake shafe mutum da su don a wulaƙanta shi. Daga wata gunduma suke, ba su san kowa ba. An dai ce musu akwai Dattijon Mormon a gidan.

Suka dubi mahaifina, suka dubi furfurar Gantt, suka damƙi tsohon. Ɗayansu ya ture mahaifina ya ce, "Kai samari, kauce, da kakanka muka zo gaisawa."

Ya kuwa kauce. Yana ji suka yage rigar tsohon suka kwarara masa kwaltar, shi ko kalma ɗaya ta gagare shi. Gantt ya rayu, amma hannunsa na dama bai ƙara riƙe garma ba.

Daga baya mahaifina ya tsallaka zuwa Utah, ya yi shekara talatin yana bishop, wato shugaban coci, a ƙauyenmu, ana ganin girmansa. Amma duk baƙon da ya ce daga Tennessee yake, sai na ga yana kauce masa, don tsoron a tona. Sai da ya tsufa ya iya rubuta wa Gantt wasiƙar neman gafara.

'Yar Gantt ce ta amsa, ni na karanta masa. Ta ce babanta ya daɗe da rasuwa, kuma bai taɓa riƙon mahaifina ba. Wai kullum tsohon yakan ce shi da kansa ya girgiza wa saurayin kai don ya yi shiru, saurayin kuma ya bi umarni.

Na ce, "Baba, ka ji, ashe shi ya hana ka."

Ya ce, "Ban ga ya girgiza kai ba, Hulda. Idona a ƙasa yake."