Takalman Kawu a Kan Dutse

Lokacin ban daɗe da gama jami'a ba, ina aiki a wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido a nan Douala. Ni ke tantance masu son hawa babban dutsen Buea. Hanyoyinmu uku ne: mai sauƙi, matsakaiciya, da mai wuya wadda ke kaiwa can ƙoli. Tambaya goma nake yi wa mutum kafin in zaɓa masa hanya, har a ofis ana tsokanata wai na fi likita bincike.

Sai kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai shagon yadi a New Bell, ya ce zai bi mu. Na gaishe shi, na tambayi jiki, ya ce lafiya ƙalau, alhamdulillahi. Na san dattijonmu ko yana kwance abin da zai ce ke nan, amma na ji kunyar tambayarsa hawan jini ko ciwon zuciya. Da na ambaci hanya mai sauƙi, ya yi dariya ya ce ɗan boko ya mai da shi tsohuwa. Na rubuta masa mai wuya.

A rana ta biyu, wajen azahar, gajimare ya rufe mu. Ba itace, ba kukan tsuntsu, sai baƙin dutse. Kawu ya dafa ni ya ce in saurara, ana tayar da iƙama a masallacin unguwarmu, kuma muryar ladanin da ya rasu tun ina yaro ce. Ban ji komai ba. Na juya in kira jagoranmu, da na waiwayo babu Kawu. Takalmansa kawai na gani a jere a kan dutse, kamar yadda yake ajiye su a ƙofar masallaci.

Mun same shi a bakin wani rami, ba takalmi, ya ɗaure hannu kamar mai sallah, leɓɓansa sun yi shuɗi. Na riƙo rigarsa na jawo shi baya. Da hannu aka sauko da shi. Likita ya ce ƙarancin iska ne ya haɗu da ciwon zuciyar da ya daɗe yana ɓoyewa. Wataƙila haka ne, ba ni da ilimin musawa.

Yana nan da rai, amma ko masallacin sai an kai shi a babur. Bai taɓa zargina ba. Sau ɗaya dai ya ce mini da ban riƙo rigarsa ba, da ya samu sahun farko.

Duk wanda aka ba aikin tantance mutane, ya daure ya yi tambayar, ko mahaifinsa ne a gabansa. Tambaya ɗaya na tsallake.