Ranar da Kawu Ya Mayar da Motata Sabuwa

Ko da zan manta da komai, ba zan manta da ranar da na taho da motata ta farko daga Kaduna zuwa Dutse ba. Ta hannu ce, ba na ɓoyewa, wani tsohon ma'aikaci ne ya gaji da ita ya sayar mini. Amma da ita na ƙudura cika alkawarin da na yi wa Inna, mahaifiyata. Gwiwoyinta sun daɗe suna ba ta wahala, ga shi ƙanwata ta haihu a Ringim, suna saura kwana biyu. Na ce mata ta gama shiga motar haya ana cusa ta kamar buhun gero, wannan karon a gidan gaba za ta zauna ta miƙe ƙafa.

Ni mutum ne mai tsoron shingen hanya. Saboda haka sai da na bi ofis-ofis a Kaduna har takalmina ya san hanya. Aka sauya sunan mai mota zuwa nawa, aka sabunta lasisi, aka yi inshora, aka rubuta takardar ciniki shaidu suka sa hannu. Na sayi abin kashe gobara da jan alwatikan nan da ake kafawa in mota ta lalace. Abu ɗaya na manta ban yi wa inshora ba, shi ne Kawu.

Kawu ƙanin Inna ne. Shi ya ce ba a sayen mota ba babba a kusa, ya saka babbar riga ya biyo ni. Iyakar saninsa da mota shi ne ya shuri taya ya gyaɗa kai.

Muka kamo hanya lafiya lau. Duk shingen da aka tsayar da mu, sai in miƙa takardu ina murmushi. Wani jami'i bayan Zariya ya juya su gaba da baya, ya leƙa but, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Haba Malam, kai ko ɗan kuskure ba ka bar mana ba?" Ranar na ji daɗin zama ɗan ƙasa nagari, abin da ban saba ji ba.

Kawu kuwa tun daga Kaduna fuskarsa ba walwala. Muna wuce Kano ya yi gyaran murya.

"Ɗana, wannan lambar fa, haka za mu shiga gari da ita?"

Na ce, "Kawu, ai ita ce ta kawo mu nan."

"Kai yaro ne. Motar da ta shigo unguwa da lamba, kowa ya san kwancen wani ce. Ni kuwa na riga na buga wa majalisa waya na ce sabuwa ce dal."

A nan fa sai na yi wa wanda bai san mu ba bayani. A unguwarmu ta Yalwawa, ba a tambayar injin mota ko birkinta. In ta shigo ba lamba, kujeru da leda, to mai ita ya isa, za a yi mako ana zuwa sa albarka. In ta zo da lamba, sai a ce "Allah ya tsare" a ci gaba da hira. Na yi dariya na ce wa Kawu majalisa ta yi haƙuri. Ya mayar da ido kan hanya, ni kuma na ɗauka maganar ta mutu.

A Wudil muka tsaya sallar la'asar. Da muka idar na tsaya sayen soyayyen kifi saboda Inna, Kawu ya ce zai jira ni a mota. Na dawo na same shi a zaune yana jan carbi kamar wanda bai taɓa laifi ba. Na ga an lulluɓe kujeru da leda, ya ce don kada man kifi ya ɓata su ne. Har godiya na yi masa. Ta gefe na shiga, ban duba gaban motar ba balle bayanta.

Duwatsun Dutse sun fara bayyana ke nan aka ɗaga mana hannu a shinge na ƙarshe. Na miƙa takardu da murmushina na kullum. Jami'in bai ko karɓa ba.

"Ina lambarka?"

Na ce, "Tana gaba, tana baya, ranka ya daɗe."

Ya ce in sauko in nuna masa. Na sauko. Ba komai sai ramukan kusoshi suna kallona. Kafin in haɗiye yawu Kawu ya leƙo ta taga ya ce, "Samari, ai sabuwa ce dal, ba a kai ga yi mata lamba ba."

Jami'in ya karɓi takardun ya karanta a natse. Ya ce, "Takarda ta ce tana da lamba, Baba ya ce ba ta da ita. Mu kuwa mun san irin mutanen da ke kwance wa mota lamba a tsakiyar hanya."

Na juya wajen Kawu. Na ce, "Kawu, don Allah fito da ita a mayar."

"Ai na san halinka, shi ya sa ban bar ta a motar ba. Na ba wani direba ɗan Kiyawa ya ajiye mini a gida."

Muka kira direban, waya a kashe. Daga baya muka ji ashe lodin Potiskum ya ɗauka, lambata na can ƙarƙashin kujerarsa tana yawon buɗe ido.

Jami'i ɗaya ya shiga gidan gaba, aka mayar da Kawu baya, motarsu ta shige gabanmu. Don ƙarin wulaƙanci, hanyar ofishinsu ta bakin layinmu ta bi. Ga 'yan majalisa sun jeru a benci, ga mata a ƙofar gida sun fara guɗa. Ni ina neman ramin da zan shige, sai na ga Kawu ya sauke gilashi ya ɗaga hannu yana jinjina. Na ji wani yana cewa, "Kai, har da rakiyar hukuma!" Muka wuce ba mu tsaya ba. Masu babura suka biyo mu da murna, har suka ga an shigar da motar an ja ƙofa an rufe.

Washegari Inna ta zo ofishin a adaidaita sahu, da ƙyar ta sauko. Ta leƙa motar ta cikin wayar shinge, ta daɗe tana kallon kujerar gaba. Sannan ta juyo kan ƙaninta.

"Ni na ce muku sabuwa nake so? Mai kai ni Ringim na ce."

Kawu ya fara, "Yaya, mutuncin gida na duba..."

Ta kama hannun babbar rigarsa ta ce, "Wannan rigar ta marigayi mijina ce, duk Yalwawa an sani. Wa ya taɓa fasa gaishe ka saboda ita?"

Kawu ya sunkuyar da kai yana gyara hannun rigar.

Ranar suna a motar haya muka tafi Ringim, mu huɗu a kujerar baya. Duk ramin da aka faɗa sai in ji Inna ta damƙe mini gwiwa. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai bayan an watse daga suna direban ya dawo da lambar, aka duba aka ga daidai take da takardu, aka sallame mu. Har yau a unguwa ba a kiran motar da wani suna sai Sabuwa Dal.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk shingayen hanya na cika musu sharaɗi na wuce, wanda ya kayar da ni shi ne na "me mutane za su ce", kuma wannan ba shi da takardar da ke gamsar da shi. Mutanen da aka cire lambar dominsu dariya suka yi suka koma bencinsu, Inna ce ta kwana tana gasa gwiwa da ruwan zafi.