Baba Kefas, Direban da Ba Ya Baro Kowa a Rami

Kullum da safe Baba Kefas yakan tako kekensa daga Hanwa zuwa Samaru, ya buɗe tsohuwar bas ɗin sashen haƙar ma'adinai na jami'a, ya duba mai da ruwa, ya tada inji ya ɗumama, sannan ya kashe. Babu inda za ta. Tun da hanyoyin daji suka daina aminci aka rage fita da ɗalibai, yaran yanzu a majigi suke ganin ramin kuza.

Shi ya ja motar tun sashen yana ɗaki biyu. Ya kai mu Filato, mu da muka karanta haƙar ma'adinai muka ƙare da haƙa wa mutane rijiyar burtsatse. Dokarsa ɗaya: ba ya ƙirga kawuna. Duk wanda kuka zauna tare daga Samaru, amanarka ne. In za a dawo sai ya bi kujeru yana tambaya, "Ina maƙwabcinka?" Da wannan tambayar aka gano wata 'yar ajinmu, Clementina, ranar da ta gurɗe ƙafa a bayan wani tsohon rami.

Kai ne ka koya mana cewa ba a baro mutum a ƙasa, Baba, kuma ba a ba ka aji ba.

Da ritayarsa ta zo bana, abu ɗaya ya roƙa: ya sake jan motar da mutane a ciki kafin ya miƙa makulli. Tsoffin ɗalibai muka hallara, da tumbinmu da sanƙonmu, za a zaga Sabon Gari a dawo. Kowa ya nemi kujerarsa ta da. Baba ya biyo layi har ya iso kaina.

"Injiniyan rijiya, ina maƙwabcinka?"

"Othniel? Baba, an ce yana Fatakwal."

"An ce?" Ya koma gaba ya zare makulli ya jefa aljihu. "Nemo shi. Mai jira ne ni."

Aka yi ta lalube a wayoyi har aka samu lamba. Da Othniel ya ji muryar Baba a waya sai ya ce, "Ina ciki, Baba. Mu tafi."

Sannan motar ta tashi.

Mun gode, Baba Kefas. Allah ya sa ka huta lafiya. Ku kuma masu karatu, kowa yana da wanda suka zauna kujera ɗaya. Ku neme shi yau, kafin a tambaye ku.