Duktura Asma'u da Rariyar Riɗi

Ranar Talata da hantsi ina cikin aji, alli a hannuna, sai shugabar makarantarmu ta leƙo ta yafito ni. A bakin ƙofa ta ce, "Ustaza Halima, sai haƙuri. Allah Ya yi wa Duktura Asma'u rasuwa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Jinyar 'yan kwanaki kawai ta yi.

Na tafi gidan makoki da niyyar kuka, kuma na yi. Amma duk wadda ta buɗe baki ta tuna da ita, sai ka ga mata suna rufe fuska da mayafi suna dariya. Haka take tun tana raye.

Mutane da yawa a garinmu Gadarif sun ɗauka likita ce mai duba marasa lafiya da kwamfuta. Wataƙila kai ma haka ka ji. Wata rana ina gidanta wani dattijo ya zo tun daga Doka, ya miƙe ƙafa ya ce, "'Yata, an ce injinki yana fitar da magani. Ki nuna masa gwiwar nan." Ta zuba masa shayi ta ce, "Baba, injin nan ko kansa bai iya yi wa magani ba. Da an ɗauke wuta sai ya suma." Suka yi ta dariya, sannan ta tare raksha, keken haya mai ƙafa uku, ta raka shi asibiti da kanta.

Ainihin aikinta neman sabon maganin kala'azar ne, zazzaɓin nan mai daɗewa da ke kumbura saifa, wanda ta sani tun tana yarinya a Hawata. Da ta dawo garinmu, sai ta buɗe aji a zauren gidanta kowace Asabar, kyauta, don ɗalibanmu na sakandare. Ni malamar ilmin halittu ce, na je raka su ne, na ƙare a kan tabarma ina rubutu.

A darasin farko ta fito da rariyar mahaifiyarta, wadda ta yi shekaru tana rairaye riɗi a kasuwa. Ta ce kowace halitta tana da rubutu a jikinta, da haruffa huɗu kacal, kuma masana sun riga sun karanta na ƙwayar cutar nan sun ajiye a intanet, kowa na iya ɗauka. Da kwamfuta ake bin wannan dogon rubutu a nemo wani sashe da ƙwayar ba ta rayuwa sai da shi, wanda kuma ya bambanta da namu. Daga nan a gwada siffofin dubban sinadarai a kansa, a ga wanne zai shige ya toshe shi. Ta girgiza rariyar ta ce, "Aikin Inna nake yi. Ita riɗi, ni sinadarai. Abin da ya rage mini ba magani ba ne tukuna. Sai ya je ɗakin gwaji ya yi shekaru yana kare kansa."

Ba ta taɓa yi wa ɗalibi ƙarya don ta burge shi ba. Wata ɗalibarmu, Maryam, ta taɓa yin tsalle tana ihu wai ta samo magani. Duktura ta duba, ashe sashen jikin mutum ta toshe, ba na ƙwayar cutar ba. Ta tafa mata ta ce, "Ya salam! Kin kashe majinyacin, cutar kuma tana gaishe ki." Maryam ta fi kowa dariya, kuma ba ta sake wannan kuskuren ba. Duktura takan ce, "Wanda bai ɓata komai ba yau, bai taɓa komai ba."

Bayan addu'ar uku, mijinta, Haj Usman, ya kira ni ya miƙo mini kwamfutarta. Ya ce, "Ta ce a ba ki. Zauren kuma yana nan." Na ce, "Haj, ni fa ɗaliba ce kamar su. Gara a rufe ajin da in koyar da kuskure." Maryam tana bayana da tiren kofuna, ta ce, "Ustaza, in kin yi kuskure ai muna nan. Asabar ƙarfe nawa?"

Asabar ɗin da ta wuce mun buɗe. Sau biyu na rikice, sau biyu suka gyara mini. Kafin azahar mun gama tace rukunin sinadaran da ta bari ba ta ƙarasa ba, mun aika wa abokan aikinta sakamakon da sunanta a sama.

Saboda haka ajin bai rufe ba. Yarinya ko yaro, in kana son ka ga rubutun ƙwayar kala'azar da idonka, ka juya siffarta da yatsanka, ka zo. Ba sai ka iya kwamfuta ba, mu ma a nan muka koya.

Allah Ya jiƙan Duktura Asma'u, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta. Allah Ya ba Haj Usman da 'ya'yansu da Inna haƙurin rashinta. Ya sa abin da ta koya mana ya riƙa isa gare ta, Ya kuma nuna mana ranar da wani daga cikin yaran zauren nan zai ƙarasa abin da ta fara. Amin.